Zabuwar Mai Agogo

Kafin ya kai shayi bakinsa sai ya ba ta ruwa. Da tsohuwar buta yake fitowa, wadda mariƙinta ya karye ya ɗaure da waya. Ya ɗaga murfin inji ya tokare da guntun sanda, ya kwance bakin lagireto, ya tsiyaya ruwan a hankali kamar mai shayar da majinyaci. Daga nan ya zagaya ta yana danna kowace taya da babban yatsa, ya goge raɓar da ta kwana a gilashi da gefen rigarsa. Sai ya shiga ya murza makulli, ya fito, ya kara kunnensa a jikinta, ido a rufe.

"Maƙwabci, ka ji?" Haka yake ce mini ta saman katangar da ta raba gidajenmu. "Yau da fara'a ta tashi."

Ni tari nake ji, da wani kwaram-kwaram kamar ana jan gwangwani a kan dutse. Amma ban taɓa yi masa musu ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron bugun abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ni zan koya masa ji ba.

Gyaran agogo ne sana'arsa, da ita kuma unguwa take kiransa: Mai Agogo. Shagonsa shi ne ɗakin gaba na gidansa. Taga ɗaya mai kallon titi, tebur mai ƙananan aljihuna, bango kuwa cike da agogai, kowanne yana faɗin nasa lokacin kamar taron tsofaffin da ba sa jin juna. Siriri ne, mai dogon wuya, yatsunsa zara-zara. Idonsa na dama ya yi zobe saboda gilashin ƙara girma da yake maƙalawa tun yana saurayi. A bayan gidan kuma matarsa ce ke mulki, Maman Auta mai burodi, wadda ƙamshin tanderunta ke tayar da layinmu tun zakara bai gama shawara ba. Mace ce mai damtse, hannunta ya tsufa a murzar kwaɓin fulawa. In ta rufe kwalba, to sai an jira ta dawo ta buɗe.

Ba don ƙawa ya sayi motar ba. Ranar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, za ta tafi makarantar koyon aikin jinya a wani gari can bayan tsauni, shi ya raka ta tasha. Aka ɗaure akwatinta a saman motar haya, aka cusa ta a kujerar baya tsakanin buhuna, hadari kuma ya haɗo. Ya tsaya yana kallon ruwa yana dukan akwatin har motar ta ɓace. Littattafanta sun isa can kamar burodin da ya faɗa a shayi. Da ta zo hutu sai ya ce mata, a gaban uwarta:

"Ranar da za ki gama, ni zan zo in ɗauke ki. A motarmu."

"Wace motar, Baba?"

"Tana nan zuwa."

Uwar ta ce, "Tana hanya, ƙafa ce ke mata ciwo."

Ta zo kuwa, da turi. Wani mai kawo masa gyara ne zai bar gari, yana da wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu da ta daɗe a gindin bishiya har kaji sun mayar da kujerar bayanta wurin ƙwai. Suka daidaita. Majiya ƙarfin layinmu suka turo ta, Mai Agogo yana riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu ta taga kamar wanda ya dawo daga uwa duniya. Fentinta toka-toka ne, mai gyaran jiki kuma ya bi duk inda tsatsa ta ci ya shafe da farin liƙi, ɗigo-ɗigo tun daga hanci har wutsiya. Maman Auta ta leƙo da gari a hannu, ta dube ta sama da ƙasa.

"Malam, zabuwa ka sayo mana?"

Sunan ya zauna daram.

Zabuwa tana da halayenta, kuma ya haddace su kamar halayen tsohon aboki. Ƙofar fasinja ta waje kawai take buɗewa, saboda haka duk wanda ya shiga sai an fito da shi kamar babban baƙo. Hannun sauke gilashi ɗaya ne ya rage, ana miƙa wa juna shi kamar cokali a gidan marowaci. Allurar da ke nuna yawan mai ta daɗe da yin ritaya, sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa tanki ya ji zurfin amon. Hon ɗinta kuwa kukan ɗan akuya ne da aka raba da uwarsa. Duk da haka, daga ranar da ta shiga rumfar da ke gefen gidansa, mutumin ya sake. Tafiyarsa ta ƙara sauri. Ya fara dariya da ƙarfi. In ya ce "motarmu", kalmar takan cika masa baki kamar zuma. Na ga maza da yawa sun sayi manyan motoci sun ƙara nauyi. Shi ya sayi ƙarama ya zama mara nauyi kamar yaro.

Ranar hutu ita ce ranar Zabuwa. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, irin wanda yake aiki a kai a shago. Ya kwance fulogai ɗaya bayan ɗaya, ya cire kawunan batir, ya zare wayoyi, ya jera komai bisa tsari, na hagu a hagu, na dama a dama. Ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya hura, ya ɗaga wa rana ya duba da gilashin idonsa. Sannan ya mayar da kowanne mazauninsa. Wurin ɗaurewa nake son kallonsa. Da yatsu biyu yake riƙe sifana, can kusa da wuyanta, ƙaramin yatsansa a ɗage, ya juya har ya ji noti ya taɓa, sai ya saki.

"Maigidana da ya koya mini aiki," in ji shi, "cewa yake, noti in ya ce maka na iso, ka sakar masa mara. Ƙarfi ne ke kashe agogo. Ban taɓa cinye haƙoran noti ba tun da nake."

A unguwar nan babu injin da ya kai na Zabuwa tsabta. Kana iya cin abinci a kai.

Sai dai tana da ciwo guda. A kwaltar cikin gari lafiya lau take tafiya. Amma da zarar ta hau hanya mai gargada, ta sha girgiza kaɗan, sai ta yi shiru cak kamar an hure fitila. Ba tari, ba sallama. Sai turi. Bakaniken da ke duba ta saurayi ne mai fara'a, ana kiransa Ba-Matsala saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ya sauya wannan, ya sauya wancan, ya wanke kafireto, ya ɗaure komai da ƙarfinsa na saurayi, motar ta koma garau, ta bi ramuka tana dariya. Bayan mako guda sai ga ta an sake turo ta.

"Baba, ba matsala," in ji shi yana sosa ƙeya, "amma wallahi motar nan tana raina mini hankali. Lafiya take barin hannuna. Me kake ba ta a gida?"

"Kulawa, ɗana. Ba abin da nake ba ta sai kulawa."

Ana haka saƙon Auta ya zo: ta gama, a zo a ɗauke ta. Hanyar garin nan kuwa kowa ya san ta. Kwalta ce har gada, daga gada sai burji mai ramuka, daga nan a hau tsauni.

Da safiyar da saƙon ya zo ina shagon ina jiran a sa wa agogona sabuwar igiya, sai Maman Auta ta shigo ta ajiye masa shayi, ba ta fita ba.

"Malam, mu yi magana a gaban maƙwabci, kada gobe a ce ban faɗa ba. Masu sayen burodina sun fi ƙarfin tanderu ɗaya. Wurin da zan gina na biyu kuwa, wata zabuwa ta kwanta a kai tana ƙyanƙyasar tsatsa."

"Ai ba tsatsa a jikinta yanzu."

"Bari in gama. Za mu je ɗauko yarinyar nan tare. In Zabuwa ta kai mu ta dawo da mu da ƙafarta, na bar mata rumfa har abada, ba za ka ƙara jin bakina ba. Amma in ɗan Adam ya ɗora hannu a bayanta ya tura, ko taku ɗaya ne, to daga nan sai wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, rumfa kuma ta zama tawa. Ka yarda?"

Ya cire gilashin idonsa ya ajiye.

"Na yarda."

"Maƙwabci, ka shaida."

Na shaida.

Ba-Matsala ya kwana biyu a kanta. Da zai miƙa makulli sai ya haɗa hannuwansa biyu. "Baba, don girman Allah, kada ka taɓa ta sai kun dawo. Ruwa kawai." Mai Agogo ya ce to. Amma jajibirin tafiyar ya faɗo ranar hutu. Da hantsi na leƙa ta katanga, sai ga farin ƙyalle a shimfiɗe, fulogai a jere suna sheƙi.

"Ba an ce kada ka taɓa ba?"

"Gogewa ce kawai, maƙwabci. Ka ga yadda yaron nan ya bar mata baƙin mai ko'ina? Kuma ya matse komai kamar mai ɗaure ɓarawo. Da ƙyar na kwance. Haka za ta je gaban 'yata?"

Washegari layinmu kaf ya fito. Mai Agogo ya sa rigar da yake ajiyewa a ƙasan akwati, ya ɗaura agogon hannunsa, ya ba Zabuwa ruwa, ya ƙwanƙwasa tanki ya ji ya cika. Maman Auta ta shiga da kwandon burodi mai zafi na ƙawayen Auta, ya rufe mata ƙofa, ya zagaya. Ɗan akuya ya yi kuka sau biyu. Mai shagon kusurwa ya ɗaga murya, "Baba, a gaida tsauni, in kun gan shi." Aka yi dariya, suka karya kwana.

Ban bi su ba, motar ba ta da wurin ɗan rakiya. Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakinsu, kowa da nasa ƙarin gishiri, amma ƙashin labarin ɗaya ne.

A kan kwalta Zabuwa ta yi abin a yaba. Iska tana shiga ta tagar da aka sauke, gonaki suna gudu baya, Mai Agogo yana ta bayani: ji yadda take shan kwana, ji yadda giya ke shiga kamar an shafa mata man shanu. Har wata babbar mota suka wuce, ko da yake Maman Auta ta ce a tsaye take ana sauke kaya. Suka haye gada. Burji ya fara. Kwandon burodi ya soma rawa a cinyarta, haƙoransu suna gaisawa da juna. Rami na farko, na biyu, wani dogon gargada kamar bayan kada. Sai shiru.

Motar ta gangara kaɗan ta tsaya a gefen hanya. Ya murza makulli. Ko ƙyas. Ya sake. Ya fita, ya tokare murfin inji, ya tsaya yana kallon injin da ke walƙiya a rana, komai tsaf, komai a mazauninsa, ba abin da za ka nuna ka ce ga laifin. Ya maƙala gilashin idonsa ya bi waya-waya. Maman Auta tana ciki tana buga gilashi, don ba ta da hanyar fita. Ya zo ya buɗe mata ba tare da ya dube ta ba.

Rana ta ɗaga. Can sai ga motar yashi ta tsaya a bayansu, direba da masu lodinsa suka diro, ƙarti masu ƙirar ƙarfi.

"Baba, ta ƙi ne? Shiga ka sa ta a giya ta biyu, yanzu za mu tashe ta. Wannan ai ko mutum ɗaya ya ishe ta."

Mai Agogo ya dubi hanya, ya dubi agogonsa. Auta tana can bakin ƙofar makaranta a kan akwatinta tana jira. Ya shafa bayan motar sau ɗaya, kamar mai sallama da dabbar da za a kai kasuwa. Ya buɗe baki zai ce to.

Ita kuwa Maman Auta, gajiya ce ta sa ta dafa wani abu a cikin injin, don ta hutar da ƙafarta. Abin ya juya a ƙarƙashin tafinta. Kan batir ne. Ta taɓa shi da yatsa, ya yi lilo kamar murfin tukunyar da ba nata ba. Ta taɓa wani noti kusa da shi mai riƙe da baƙar waya, shi ma ya amsa. Ta taɓa na uku.

Daga baya ta ce mini, "Maƙwabci, ba zan ɓoye maka ba. Tanderun nan na gan shi da idona a lokacin, har hayaƙinsa na shaƙa. Shiru kawai zan yi, ƙartin nan su ɗora hannu, magana ta ƙare. Sai na ga bayan wuyan mutumin nan, ya yi laushi kamar na kazar da ruwa ya daka."

Masu lodi sun riga sun jeru a bayan motar suna tofa yawu a tafi.

"Kai, 'ya'yana, ku ɗaga hannunku," in ji ta. "Ba wanda zai taɓa ta. Malam, zo nan. Wannan abin haka ake barinsa yana rawa?"

Ya leƙo. "Ai ya iso. Noti in ya ce na iso..."

"Ya iso, amma bai zauna ba. Baƙo ne a bakin ƙofa. Wannan fa? Wannan fa? Duk kai ka ɗaure su?"

"Jiya."

"Miƙo mini ƙarfen nan."

Ya miƙa mata sifana da yatsu biyu. Ta karɓa da hannu duka, ta naɗe hannun riga, ta kama kan batir ta murza har ƙarfen ya yi ƙara. Mai Agogo ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa.

"A hankali, Maman Auta, za ki cinye masa haƙora."

"Mota ce, Malam, ba agogon amarya ba. Nuna mini duk inda hannunka ya bi."

Ya riƙa nunawa tana ɗaurewa. Direban yashi ya ga abin ya yi masa daɗi, ya kawo nasa ƙarfen fulogi, ya nuna mata inda za ta tsaya kada ta wuce gona da iri. Ya ce, "Mama, in kin gaji da gida, akwai aiki a garejinmu." Ta ce ya bari sai ta ga albashin.

Mai Agogo ya shiga, ya riƙe makulli. Da ya murza, Zabuwa ta tashi da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba, murya cikakkiya, mai kauri, ba tari ba kwaramniya. Ya fito da gudu ya kara kunnensa a jikinta. Ya ɗago, idonsa ya cika da ruwa, bakinsa har kunne.

"Kin ji? Maman Auta, kin ji? Ashe haka muryarta take."

"Na ji. Shekara da shekaru kana mata susa, ita kuwa matsa take so. Buɗe mini ƙofa, burodina yana hucewa."

Suka raba wa masu yashi burodi, suka kama hanya. Zabuwa ta bi ramukan nan tana tsalle, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Da suka iso gindin tsauni ya sa ta a giya ta ɗaya, ya sunkuya kan sitiyari yana mata magana ƙasa-ƙasa, haba 'yar albarka, haba ta gidanmu, saura kaɗan. Maman Auta ta ce ita ma ba ta san lokacin da ta fara tura allon gaban motar da hannu biyu ba. Da suka kai ƙoli, gari ya bayyana a ƙasa da rufin gidajensa suna ƙyalli, sai ya danna hon ya ƙi sakewa. Ɗan akuya ya yi ta kuka har cikin kwari.

Auta ta ce tun daga nesa ta gane su, don ba wata mota a duniya mai irin wannan ɗigon. Ta bar akwatin ta rugo. Ƙawayenta suka kewaye motar suna dariya suna shafa ta, uban yana tsaye yana gabatar da ita kamar 'yarsa ta biyu. Aka kwantar da kujerar gaba Auta ta shige baya. Akwatin kuwa ya ƙi yarda a ɗora a sama. A ciki ya sa shi, kusa da ita, ya rufe da farin ƙyallensa, duk da sararin sama ko gizagizai babu.

Da yamma muka ji kukan ɗan akuya daga bakin layi. Da ƙafarta ta shigo, ja-wur da ƙurar burji, ta wuce mai shagon kusurwa ba ta ko kalle shi ba, ta shige rumfarta.

Ba-Matsala da ya ji labari ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce da ya sani, da tuni ya ɓoye wa Baba sifana ya huta.

Maman Auta ta cika alkawari, ba ta ƙara ambaton rumfa ba. Shi ne da kansa ya kwashe tarin tsofaffin gidajen agogo da karyayyun kujeru da ya tara a lungun bayan gida tun zamanin ƙuruciya, ya kira magini. Tanderu na biyu yana can yanzu, ya ɗan matse, amma yana gasawa. Kowace safiya, bayan Zabuwa ta sha ruwanta, ana cika kujerar bayanta da kwanduna, ya kai burodi shagunan da ke hayin gada, ta hanyar burjin nan da kanta.

Ranar hutun da ta wuce na shiga shagonsa na same shi ya sunkuya kan wani ƙaramin agogon mata, da hantsaki a hannu, numfashinsa a riƙe. Ta taga ina hango farin ƙyalle a shimfiɗe gaban rumfa, an riga an wanke komai an mayar. Ya juya wani ɗan noti da ido ba ya gani sai da gilashi, ya saki, ya kara agogon a kunnena. Yana bugawa kamar zuciyar tsuntsu.

"A nan hannuna ne sarki," in ji shi. "A can kuwa ni mai wanki ne kawai."

Daga tsakar gida muryarta ta taso.

"Malam, in ka gama yi mata kwalliyar, zo ka nuna mini inda ka taɓa. Kwaɓina yana tashi, ba zai jira ka ba."

Ya cire gilashin idonsa, ya rufe agogon da kofi kada ƙura ta shiga. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sifana, ya goge ta da gefen riga, ya riƙe ta a tafukansa biyu kamar mai kai kyauta.

"Zauna, maƙwabci, yanzu zan dawo. Babban bakanike na kira."

Ya ɗaga labule ya fita.